Me ya sa ƙungiyoyi ke ƙin sallama 'yan wasansu ko da an taya su da tsada?

Baban_Hanifa:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Akwai wata tambaya da muka yi ta musu a kanta jiya a majalisarmu, har aka kira sallar isha'i ba mu cimma matsaya ba, shi ya sa na kawo ta gabanku. Duk shekara idan an kammala kakar wasa a Turai aka buɗe kasuwar 'yan wasa, sai ka ji an taya ɗan ƙwallo da kuɗin da hankali ba ya ɗauka, shi kansa yana son tafiya, amma ƙungiyarsa ta ce albarka. Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne na Mbappé, ɗan wasan ƙungiyar PSG ta Faransa, a 2021. Real Madrid ta miƙa tayin da ya haura yuro miliyan 150 alhali saura shekara ɗaya yarjejeniyarsa ta ƙare, PSG ta ƙi sallamawa, kuma a 2024 ya tafi Madrid ɗin ba tare da an biya PSG ko sisi ba. Ni ɗan kasuwa ne, atamfa da shadda nake sayarwa, kuma abin da na sani shi ne idan kaya ya samu mai saye da riba sai a sallama a sake saro wani. Mene ne hikimar riƙe ɗan wasa har darajarsa ta zube?

Sarkin_Tsakiya:
Wa alaikumus salam, Alhaji. Bambancin da ke tsakanin sana'arka da tasu shi ne kai idan ka sayar da bandir ɗin shadda za ka iya komawa wurin dila ka ɗauko irinsa sak, su kuwa babu masana'antar da ke buga ɗan wasa iri ɗaya. Dubi abin da ya samu Tottenham a 2013. Sun sayar wa Real Madrid Gareth Bale a kan kimanin fam miliyan 85, suka rarraba kuɗin suka sayo 'yan wasa bakwai, ciki har da Soldado da Lamela da Paulinho da Eriksen. A cikin bakwai ɗin Eriksen ne kaɗai za a ce ya biya kuɗinsa da gaske, kuma kafin ƙarshen watan Disamba na wannan shekarar an kori koci Villas-Boas bayan Liverpool ta zo har gida ta zura musu biyar ba ko ɗaya. Bale shi kaɗai ya ci ƙwallo 21 a Firimiya a kakar da ta gabaci tafiyarsa. Kuɗin sun shigo asusu, amma ƙwallayen ba su dawo raga ba. Duk shugaban ƙungiyar da ya ga wannan sai ya yi tunani sau biyu kafin ya ce ya sallama.

Ummu_Sultan:
Ina so in ƙara wani abu a kan bayanin Sarkin_Tsakiya. Ranar da ka sayar da tauraronka, duniya gaba ɗaya ta san nawa ne a aljihunka, kuma ta san kana cikin matsi. Lokacin da PSG ta biya yuro miliyan 222 ta ɗauke Neymar daga Barcelona a 2017, Barcelonan ta shiga kasuwa kowa yana kallon jakarta. Dortmund ta karɓi yuro miliyan 105 tun kafin a yi maganar ƙari a kan Dembélé, yaron da ta saya shekara guda kafin nan a kan kuɗin da bai kai kashi ɗaya cikin biyar na wannan ba. Liverpool kuma ta ƙi sakin Coutinho a wannan bazarar, sai a watan Janairu ta sallama shi ga Barcelona da tsada mai yawa. Abin takaicin ma shi ne Coutinhon da suka zuba wa wannan dukiya, sai da ya zura musu ƙwallo biyu yana zaman aro a Bayern ranar da aka ci su 8 da 2 a 2020.

Dan_Gidan_Kallo:
Hajiya, wannan tuni da kika yi bai yi wa magoya bayan Barcelona daɗi ba, amma gaskiya ce.

Malam_Mai_Lissafi:
Ni aikina duba littattafan kuɗi ne, don haka bari in kawo ɓangaren da ba a cika tattaunawa a gidajen kallo ba. Idan ƙungiya ta sayi ɗan wasa a kan miliyan 80 ta ba shi yarjejeniyar shekara biyar, ba ta rubuta miliyan 80 a matsayin kashewar wannan shekarar. Tana raba kuɗin ne gida biyar, miliyan 16 kowace shekara. Bayan shekara ɗaya darajarsa a littafi ta koma miliyan 64. Idan bai taka rawar gani ba, aka zo aka taya shi miliyan 40, sayar da shi na nufin rubuta asarar miliyan 24 nan take a lissafin shekarar. A gasar Firimiya ta Ingila kuma an yi doka cewa kada asarar ƙungiya ta wuce fam miliyan 105 a cikin shekara uku, kuma an ga yadda aka zaftare wa Everton maki saboda karya wannan doka. To ka ga akwai 'yan wasan da ƙungiya ba ta so, koci ba ya sa su, magoya baya sun gaji da su, amma ta fi son ta bayar da su aro a kan ta sayar, domin kawai kada asarar ta bayyana gaba ɗaya a shekara ɗaya. Wannan dabarar raba kuɗi ce ta sa Chelsea ta riƙa bayar da yarjejeniyar shekara takwas da rabi ga irin su Enzo Fernández da Mudryk, har hukumar ƙwallon Turai ta taƙaita rabon zuwa shekara biyar a 2023.

Akasin haka kuma shi ne yaron da ƙungiya ta raina tun yana ƙarami a makarantarta. Shi ba shi da wata daraja a littafi, don haka duk abin da aka sayar da shi riba ce zalla. Shi ya sa za ka ga ana riƙe baƙon da ya gaza, ana sallama ɗan gida da magoya baya ke ƙauna.

Baban_Hanifa:
Malam_Mai_Lissafi, na gode, wannan ya shige ni sosai domin ko a kasuwa akwai kayan da mutum ke ƙin karyarwa saboda kada uwar kuɗi ta taɓu. Amma bai amsa batun Mbappé ba. Shi saura shekara ɗaya, kuma kuɗin da aka taya kusan duk riba ne.

Sarkin_Tsakiya:
Alhaji, PSG ba a auna ta da ma'aunin sauran ƙungiyoyi. Masu ita daga Qatar suke, ba neman riba ya kawo su ba, suna neman suna ne da kofin Zakarun Turai, kuma a lokacin gasar cin kofin duniya ta 2022 tana gabansu a ƙasarsu. A wannan bazarar suka ɗauko Messi. Su saki Mbappé a daidai lokacin da suka haɗa shi da Messi da Neymar, ai sun rushe abin da suka gina da hannunsu. Kuma kada a manta ƙin sayarwar ya yi aiki da farko, domin a watan Mayun 2022 ya sabunta yarjejeniyarsa. Sun samu ƙarin kaka uku daga gare shi kafin ya tafi.

Bakatsine_77:
Amma kofin da suka riƙe shi dominsa bai zo ba sai a 2025, bayan ya tafi. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa tsoron da ƙungiyoyi ke ji wani lokaci ya fi abin tsoron girma. Ni ina tare da Baban_Hanifa. Yawancin ƙin sayarwar nan girman kai ne na shugabanni da tsoron bakin magoya baya. Ku dubi abin da aka yi wa ɗanmu Osimhen. Ya ci ƙwallo 26 a Serie A, Napoli ta ɗauki kofi a 2023 karon farko tun 1990, darajarsa ta kai ƙololuwa, shugaban ƙungiyar De Laurentiis ya ƙi sayarwa. Kaka ta gaba suka ƙare a mataki na goma. A 2024 aka yi ta ja-in-ja da Chelsea da wata ƙungiyar Saudiyya har kasuwa ta rufe, aka wayi gari gwarzon ɗan ƙwallon Afirka ba ya cikin tawagar ƙungiyarsa, sai aro ya tafi Galatasaray. A ƙarshe yuro miliyan 75 suka karɓa a 2025, ƙasa sosai da farashin da suka kafe a kai. Kuma da koci Conte ya zo sun sake ɗaukar kofin ba tare da shi ba. To riƙon me ya amfana?

Ummu_Sultan:
Bakatsine_77, ɗan'uwa, misali ɗaya ba ya zama hukunci. Ga kishiyarsa: a 2013 Arsenal ta taya Suárez na Liverpool fam miliyan 40 da fam ɗaya, tana zaton ta taɓa sharaɗin da zai tilasta a sake shi. Liverpool ta ƙi. A wannan kakar ya ci ƙwallo 31, suka ƙare na biyu, suka koma gasar Zakarun Turai, sannan suka sayar da shi ga Barcelona da tsadar da ta fi ta Arsenal nesa. Da ya tafi kuwa suka sauko mataki na shida, Balotellin da aka kawo ƙwallo ɗaya tak ya ci a gasar. Haka a 2023 suka ƙi tayin fam miliyan 150 da Al-Ittihad ta yi wa Salah yana da shekara 31, mutane suka ce sun yi wauta, sai ga shi a 2025 ya ci 29 ya ɗauko musu Firimiya. Idan za a ƙirga Osimhen, a ƙirga waɗannan ma.

Alkalin_Wasa:
Ina ganin akwai abin da ya kamata a fayyace domin matasan da ke karanta mu. Kafin 1995 ko yarjejeniyar ɗan wasa ta ƙare ba ya iya tafiya sai an biya ƙungiyarsa. Wani ɗan Beljiyam mai suna Jean-Marc Bosman ne ya kai ƙara, kotun Tarayyar Turai ta yanke hukunci a watan Disamba na 1995 cewa wanda yarjejeniyarsa ta ƙare yana da 'yancin tafiya kyauta. Tun daga ranar abin da ake saye da sayarwa ba mutum ba ne, ragowar shekarun yarjejeniyarsa ne. Mai shekara huɗu a gaba, ƙungiyarsa ce ke da wuƙa da nama. Mai shekara ɗaya kuwa, shi da wakilinsa ne ke juya ta, domin idan saura wata shida yana iya ƙulla yarjejeniya da ƙungiyar wata ƙasa ba tare da neman izini ba.

Harry Kane ya nuna duka fuskokin biyu. A 2021 yana da saura shekara uku, Manchester City ta nema, shi ma ya nuna yana so har ya yi jinkirin komawa atisaye, Daniel Levy, shugaban ƙungiyarsa Tottenham a lokacin, ya ƙi, kuma babu abin da Kane ya iya. Ya zauna, Tottenham ta ƙare ta huɗu ta shiga gasar Zakarun Turai. A 2023 da ya rage saura shekara ɗaya, Levy ɗin nan dai shi ya sallama shi ga Bayern a kan kimanin yuro miliyan 100. Mutum ɗaya, ɗan wasa ɗaya, amsa biyu. Abin da ya canja kawai shi ne kwanan watan da ke jikin takarda.

Dan_Gidan_Kallo:
Akwai kuma batun wa za a sayar wa. Ku lura Levy ya fi son Kane ya tsallaka Jamus a kan ya zauna a Ingila. Arsenal ta sayar wa Manchester United Van Persie a 2012 a kan fam miliyan 24, ya je ya ci ƙwallo 26 ya ɗaukar wa kocinta Ferguson kofinsa na ƙarshe. Ni da nake da gidan kallo na ga yadda magoya bayan Arsenal suka sha tsiya a wannan shekarar, wasu har suka daina zuwa. Dortmund kuwa da Bayern ta ƙwace mata Götze a 2013 ta hanyar biyan yuro miliyan 37 na sharaɗin sakinsa da ke cikin yarjejeniyarsa, sai ta ƙi ba ta Lewandowski a wannan bazarar, ta gwammace ya ƙarasa shekararsa ya tafi kyauta a 2014.

Bakatsine_77:
Kuma ya tafi Bayern ɗin dai. An yi ba a yi ba ke nan, ba tsuntsu ba tarko.

Dan_Agadas:
Salamu alaikum. Ni tambayata ta ɗan bambanta. Tunda matsalar ita ce samun madadi, me ya sa ba a musaya kai tsaye, ka ba ni ɗan wasan gaba in ba ka mai tsaron baya, kamar yadda ake furfure a kasuwar dabbobi? Na ji ana yin haka sosai a ƙwallon kwando ta Amurka.

Alkalin_Wasa:
Wa alaikumus salam, Dan_Agadas. A Amurka yarjejeniyar ɗan wasa tana binsa ne zuwa sabuwar ƙungiya, kuma galibi ba a neman yardarsa. A ƙwallon ƙafa kuwa dole a warware tsohuwar yarjejeniya a ƙulla sabuwa, kuma babu mai tilasta wa ɗan wasa sa hannu. Saboda haka musaya tana buƙatar ƙungiyoyi biyu su yarda da farashin mutum biyu, 'yan wasa biyu su yarda da albashi da garin da za su koma da iyalansu, wakilai biyu kuma su yarda da la'adarsu. Mutum ɗaya ya noƙe, ciniki ya watse. Waɗanda aka yi ma ba su ƙarfafa gwiwa ba. A 2009 Barcelona ta ba Inter Eto'o haɗe da kuɗi masu yawa ta karɓi Ibrahimović. Eto'o ya ɗauki kofi uku da Inter a 2010, har suka fitar da Barcelona a wasan kusa da na ƙarshe na Zakarun Turai, Ibrahimović kuwa kaka ɗaya ya yi ya bar Sifaniya. Musayar Sánchez da Mkhitaryan tsakanin Arsenal da United a 2018 kuma babu wanda ya ci riba a cikinta.

Malam_Mai_Lissafi:
Idan ka ga an yi musaya a zamanin nan, sau da yawa akawu ne ya ƙulla ta ba koci ba. A 2020 an rubuta Arthur ya tafi Juventus a kan yuro miliyan 72, Pjanić ya tafi Barcelona a kan miliyan 60. Kuɗin da suka motsa da gaske kaɗan ne, amma kowace ƙungiya ta rubuta riba mai kauri a littafinta kafin rufe shekara. Irin wannan kumbura farashi ne ya jawo aka cire wa Juventus maki 10 a 2023.

Bari in koma kan asalin tambayar da wani misali da ya dace da tunanin ɗan kasuwa. Nottingham Forest ta samu tayi a kan Brennan Johnson daga Brentford a farkon bazarar 2023, ta ƙi domin ta san zai fi haka daraja. Ta jira har 1 ga Satumba ta sayar wa Tottenham a kan fam miliyan 47.5. Ta fuskar ciniki ta yi daidai. Amma shekarar lissafinta ta rufe tun 30 ga Yuni, kuɗin ba su shiga inda ake buƙatarsu ba, aka cire mata maki huɗu a watan Maris na 2024 saboda karya dokar asarar nan. Ta samu ƙarin kuɗi, ta yi asarar maki, kuma da kyar ta tsira daga faɗawa gasar 'yan dagaji.

Baban_Hanifa:
Wannan ya tuna mini da masu ragunan layya. Wani yana riƙe ragonsa yana jiran jajibere domin farashi ya hau, wata shekara ya dace, wata shekara kuma a wayi gari kasuwa ta cika da raguna masu saye sun watse, ya koma da shi gida yana ci gaba da sayen dusa.

Ummu_Sultan:
Kwatancen ya yi, Alhaji, sai dai mai rago ba ya buƙatar ya sayi wani ragon kafin ya saki nasa. Ƙungiya kuwa tana buƙata. Newcastle ta ƙi tayin farko na Liverpool a kan Isak a 2025, duk da ya ƙaurace wa atisaye ya fito fili ya ce an saɓa masa alkawari. Ba ta sallama ba sai da ta kammala ɗauko Woltemade daga Stuttgart kuma ta ga cinikin Wissa daga Brentford ya kankama, sannan a ranar rufe kasuwa ta karɓi fam miliyan 125. Brentford ita ma tana can tana jan nata cinikin. Kowa yana jiran na bayansa, shi ya sa wata biyu ake ta surutu, sai a kwana biyun ƙarshe komai ya warware lokaci ɗaya.

Sarkin_Tsakiya:
Akwai ma ƙungiyar da ta mayar da ƙin sayarwa al'ada. Athletic Bilbao ba ta ɗaukar kowa sai ɗan yankin Basque ko wanda ya taso a can, don haka ko an ba ta kuɗi kasuwar da za ta kashe su ƙarama ce ƙwarai. Manyan 'yan wasanta ba ta zama teburin ciniki a kansu, sai dai mai so ya biya cikakken kuɗin sharaɗin da ke cikin yarjejeniya, kamar yadda Chelsea ta biya yuro miliyan 80 a kan gola Kepa a 2018. Kuma har yau ba ta taɓa faɗuwa daga La Liga ba.

Masu_Gida_1990:
Duk bayanan nan na masu hali ne. A gasarmu ta Najeriya lamarin kusan a juye yake. Yawancin ƙungiyoyi na gwamnatocin jihohi ne, yarjejeniyoyi gajeru ne, kuma idan kaka ta ƙare sai ka ga rabin tawaga ta watse ba tare da wani kuɗin kirki ya shigo ba. Ƙungiyar da ba ta ɗaure ɗan wasa da doguwar yarjejeniya ba, ba ta da bakin cewa albarka. Ahmed Musa ya ci ƙwallo 18 a Kano Pillars a kakar 2009 zuwa 2010, kuma kafin shekarar ta ƙare yana VVV-Venlo a Holan. Babu wanda ya yi tunanin za a iya riƙe shi, kuma ba zai zama adalci a riƙe shi ba. Abin da ya kamata ƙungiyoyinmu da makarantun horar da yara su kula da shi shi ne takardu, domin dokar FIFA ta ware kashi 5 cikin ɗari na kuɗin cinikin ƙasa da ƙasa ga waɗanda suka horar da ɗan wasa tsakanin shekara 12 zuwa 23. Na san wata ƙaramar makaranta a unguwarmu da ta raini yaro shekara huɗu, ya fita waje aka sayar da shi, amma ba ta samu komai ba saboda ba ta taɓa yi masa rajista ba.

Bakatsine_77:
Masu_Gida_1990 ya taɓo inda nake so a je. Muna ta lissafin ƙungiya, babu mai lissafin ɗan wasa, wanda shekarun ƙarfinsa ba su wuce goma zuwa goma sha biyu ba. Lookman ya ci uku rigis a wasan ƙarshe na gasar Europa a 2024, ya ba Atalanta kofin Turai na farko a tarihinta. A 2025 Inter ta zo da tayi, ya nemi a sake shi a rubuce, aka ƙi. Idan rauni ya same shi a wannan tsakanin, wa zai biya shi damar da ta wuce?

Alkalin_Wasa:
Tausayin yana da muhalli, ɗan'uwa, amma yarjejeniyar nan kaifi biyu gare ta. Ranar da ɗan wasa ya sa hannu a kan shekara biyar, ya samu tabbacin albashi ko ya karye ko ya daina cin ƙwallo, kuma ƙungiya ba ta isa ta kore shi ba. Akwai waɗanda ƙungiyoyinsu suka yi ta neman hanyar rabuwa da su, suka ce ba inda za su sai sun cinye kwanakinsu, kuma babu wanda ya ce sun yi laifi. Wanda yake son ƙofa a buɗe, sai ya nemi gajeriyar yarjejeniya ko a sa masa sharaɗin farashi tun farko, ya kuma haƙura da wani ɓangare na albashin.

Baban_Hanifa:
Na karanta duka, kuma na yarda cewa shadda da ɗan ƙwallo ba ɗaya ba ne. Amma Sarkin_Tsakiya, har yanzu ina nan a kan bakana game da Mbappé. Da ni ne mai PSG a 2021, da na karɓi kuɗin nan tun kafin mai tayin ya sake shawara. Malam_Mai_Lissafi, idan ka samu sarari ka yi mana bayanin yadda albashin da suka biya shi a shekaru ukun nan yake shiga wannan lissafi, domin ina zargin idan aka haɗa shi da kuɗin da suka ƙi karɓa, asarar ta fi yadda muke zato.